Doka ta ce a kare shi, shi kuma ya ce a ƙyale shi, ma'aikaci ya yi yaya?

Duk sanda wata majalisa ta zartar da dokar kare manya masu rauni, wato tsofaffin da ƙarfi ya ƙare musu, da masu gigin tsufa, da masu taɓin hankali, da naƙasassu da sauran waɗanda ba sa iya tsare kansu ko dukiyarsu, sai ka ga an yi ta murna ana ɗaukar hoto kamar aiki ya ƙare. Ni kuma a nawa ganin ranar ce ma aka fara, don ba dokar ce za ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan tsohuwa ba, nas ce za ta je, ko ma'aikacin walwalar jama'a, ko ɗan sanda, kuma babu ɗayansu da zai tsaya a bakin ƙofa yana buɗe sashe na kaza ƙaramin sashe na kaza. Abun da ke kansa shi ne abun da aka koya masa da abun da ke cikin littafin jagorar aiki da ofis ya ba shi. To wannan littafin fa, wanda yawanci ba wanda ya damu da yanda ake rubuta shi, shi ne ainihin dokar da mai rauni yake haɗuwa da ita.

Matsalar kuma ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama sun gamu da wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, wannan a cikin gari kenan, a gidajensu. A gidajen kula da tsofaffi kuwa kusan ma'aikaci 2 cikin 3 ne suka amsa da bakinsu cewa sun aikata wani abu na cin zarafi a shekarar da ta wuce. Da bakinsu fa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne yawancin irin waɗannan littattafan ana rubuta su ne don su kare ofis, ba don su taimaki ma'aikaci ya yi tunani ba. Za ka buɗe ka tarar an kwafo dokar an sake jera ta da wasu kalmomi, an ƙara fom guda biyar, an ce cikin awa kaza a kai rahoto, cikin kwana kaza a yi mitin, shikenan. Amma ainihin wurin da ma'aikaci ke tsayawa cak ya rasa yanda zai yi, nan ne za ka ga littafin ya yi gum.

Bari in kawo misali, ba wani mutum takamaimai nake nufi ba, duk wanda ya san aikin ya san irinsa. Nas ta je gida wanke wa wata tsohuwa ciwon ƙafa. Ta lura matar ta rame fiye da zuwan da ya wuce, maganin da ya kamata a ce ya kusa ƙarewa yana nan cike, ga wani tabo a damtsenta kamar sawun yatsu. Duk tambayar da nas ta yi, ɗan tsohuwar ne ke amsawa, yana tsaye jikin ƙofa bai matsa ba, katin bankinta ma a aljihunsa yake, wai shi ke mata sayayya. Da ya fita amsa waya nas ta yi ƙasa da murya ta ce, Mama, lafiya dai kike a gidan nan? Sai tsohuwar ta kama hannunta ta ce, 'yata ki rufa min asiri kada ki faɗa wa kowa, shi kaɗai gare ni, in aka kama shi wa zai zauna da ni.

To yanzu nas ta yi yaya? Matar ba yarinya ba ce, baliga ce, hankalinta garau, ta san ranar yau ta san sunan maganinta. Da yaro ne magana ta ƙare, a kai rahoto kawai. Amma babba yana da haƙƙin ya zaɓi abun da ni da kai za mu ga wauta ne. In nas ta yi shiru wata ƙila wata uku masu zuwa gawa za a ɗauko, in kuma ta tayar da ƙura ba dabara, ɗan ya hana ta shiga gidan gaba ɗaya, tsohuwa ta rasa ido ɗaya tilo da ke leƙa ta daga waje. Littafin jagorar da bai zauna ya tattauna wannan yanayin dalla-dalla ba, me za ta ce, wa za ta kira kafin ta bar unguwar, me za ta rubuta a fayil, wace dabara za ta yi ta samu ganin matar ita kaɗai, ni a wurina bai cika littafin jagora ba.

Dokokin kansu fa wasu sun yi ƙoƙari. Dokar Ingila da Wales ta 2005 kan ikon mutum na yanke wa kansa shawara ta fara da ƙa'idoji biyar masu kyau ƙwarai, daga ciki har da cewa a ɗauka kowa yana da hankalin yanke shawara sai in an tabbatar ba shi da shi, kuma don mutum ya yanke shawarar da ba ta da hikima ba ya nufin ya rasa hankali, kuma in za a yi masa wani abu a zaɓi wanda ya fi sauƙin takura. Amma da wani kwamitin Majalisar Dattawan Birtaniya ya duba yanda ake aiki da ita a 2014, abun da ya gano shi ne dokar mai hangen nesa ce amma ba ta shiga jikin ma'aikata ba, a asibitoci ana nan kan halin mu muka san abun da ya dace da kai, a ɓangaren walwalar jama'a kuma tsoron kada wani abu ya faru ya hana a bar mutane su yi rayuwarsu. Har ma aka ga ana juya ƙa'idar farko ta zama mafaka, wai ai doka ta ce a ɗauka yana da hankali, shi ya ce ba ya so, sai a rufe fayil a tafi. Ka ga kalma ɗaya ta doka, wani ya yi amfani da ita ya danne mutum, wani ya yi amfani da ita ya yi watsi da mutum. Ba rubutun dokar ne ya gaza ba, abun da ke tsakanin doka da hannun ma'aikaci ne babu.

Wannan maganar ta "shi ya zaɓa" ita ce ta fi ba ni tsoro wallahi. Da aka tattara binciken da ake yi a Ingila bayan babba mai rauni ya mutu ko ya ji mummunan rauni, guda 231 na tsakanin 2017 da 2019, abun da ya fi yawa ba duka ba ne ba kuma sata ba, mutum ne ya yi watsi da kansa, kusan kashi 45 cikin 100. Wanda ya daina wanka, ya daina cin abinci, ya cika ɗaki da tarkace har ba hanyar wucewa, ya ƙi shan magani. Kuma irin wannan mutumin in ka zauna da shi zai yi maka magana tiryan-tiryan, ya ce eh na sani in ban sha maganin suga ba zan iya mutuwa, gobe zan fara. Goben ba ta zuwa. Akwai lalurorin ƙwaƙwalwa, musamman in gaban ƙwaƙwalwa ya taɓu ta hanyar hatsari ko shan giya na shekaru, da mutum zai iya faɗin abun da ya dace amma ba zai iya aikata shi ba. Ma'aikacin da aka koya wa ya yi tambaya huɗu ya yi alama a fom, ya fahimta, ya riƙe, ya auna, ya faɗa, zai rubuta hankalinsa ƙalau ya tafi gida da kwanciyar rai. Littafin jagora mai kyau zai ce masa kada ka tsaya kan abun da ya faɗa, ka ce ya nuna maka, ka dawo wani satin ka ga ko abun da ya ce ya faru, ka tambayi wanda ya san shi shekara goma ko da can haka yake.

Sai kuma ɗaya gefen, kada wani ya ɗauka ina cewa a riƙa kutsawa gidajen mutane ana kwashe su. Wani alƙalin Ingila, Munby, ya yi wata tambaya a hukuncin da ya yanke a 2007 wadda har yau ake maimaita ta, ma'anarta ita ce mene ne amfanin ka sa mutum ya tsira daga haɗari in abun da ka yi kawai shi ne ka jefa shi cikin baƙin ciki. Tsohon da aka ɗauke daga gidan da ya yi shekara arba'in a ciki don kada ya faɗi a banɗaki, aka kai shi inda bai san kowa ba, aka ƙayyade masa lokacin barci da lokacin tashi, a takarda dai an kare shi, amma garin neman gira an rasa ido. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ta 2006, a sashe na 12, ta tura duniya ne zuwa ga a taimaki mutum ya yanke shawararsa maimakon a yanke masa, shi ya sa Peru a 2018 da Kolombiya a 2019 suka sauya dokokinsu na naɗa wa naƙasasshe waliyyi, Ayalan kuma ta yi sabuwar doka a 2015 da ta maye gurbin wata tun ta 1871, sai dai ba ta fara aiki sosai ba sai 2023, kuma cikin abubuwan da aka yi a tsakanin har da rubuta ƙa'idojin aiki daban-daban na likitoci da lauyoyi da ma'aikatan kuɗi. Shekara takwas ta yi yawa, ba na musu, amma aƙalla sun gane cewa likita da ma'aikacin banki ba tambaya ɗaya ke damunsu ba.

Wannan ma wani abu ne da ake yawan kuskurewa, a rubuta ƙaton littafi ɗaya shafi ɗari uku a ce na kowa da kowa ne. Ma'aikaciyar banki da dattijo ya zo gabanta zai cire duk abun da ya tara, ga wani matashi tsaye bayansa yana raɗa masa, ko waya manne a kunnensa wani yana gaya masa abun da zai ce, minti uku gare ta, ga layi. Shafi ɗaya take buƙata. Ta ce Baba zo mu shiga ciki ka zauna, shi kaɗai, ta tambaye shi kuɗin na mene ne, ta san ko tana da ikon jinkirta biyan, ta san lambar da za ta kira, kuma ta san cewa in ta yi hakan da kyakkyawar niyya ba za a kore ta ba don ta fallasa sirrin kwastoma. Amurka ta yi doka a 2018 da ke ba ma'aikatan kuɗi kariya in sun kai rahoton zargin ana damfarar tsoho, amma da sharaɗin an ba su horo. Sharaɗin nan ya burge ni, don ya ɗaure kariyar da koyo.

Sikotilan ce nake ganin ta fi kowa fuskantar tambayar tsohuwar can ido da ido. Dokarsu ta 2007 ta ba jami'in ƙaramar hukuma ikon shiga gida ya ga mutum, kuma ya gana da shi a keɓe, kotu kuma tana iya ba da umarnin a fitar da mai rauni na kwana bakwai ko a hana wanda ake zargi zuwa gidan har wata shida. Amma in mutumin ya ce bai yarda ba, alƙali ba zai ba da umarnin ba, sai in an nuna masa cewa matsa masa aka yi ya ƙi. To ka ga nan ne aikin yake. Yaya ake gane matsi? Wanda ke tsoron ɗansa ba zai ce ina tsoro ba. Wani ma ba tsoro ba ne, ƙauna ce da kunya da dogaro suka cakuɗe. Doka ta ba da kalma biyu kawai, wato matsin lamba, amma sai littafin jagora ne zai ce ka lura ko amsarsa tana canzawa in wancan ya shigo, ko yana kallonsa kafin ya yi magana, ko an raba shi da 'yan uwa da abokai a hankali, ko maganar da yake yi kamar hadda ce. Sikotilan sun sabunta nasu littafin jagorar a 2014 suka sake a 2022. Ingila kuwa dokarta ta kulawa ta 2014 ta wajabta wa ƙaramar hukuma yin bincike in ana zargin cutarwa, amma ba ta ba ma'aikaci ikon shiga gida ba, don haka nasu ma'aikatan dole su san hanyoyin zagaye, yaushe ake kiran 'yan sanda, yaushe ake zuwa babbar kotu. Duk inda doka ta bar rami irin wannan, gara littafin ya faɗa ƙarara cewa ga rami nan, da a bar sabon ma'aikaci ya gano da kansa ranar da aka rufe masa ƙofa a fuska.

Maganar sabuntawa kuma, littafin ƙa'idar aiki na waccan dokar ta 2005 ya fito ne a 2007, aka yi ta amfani da shi sama da shekara goma sha biyar alhali kotuna sun canza abubuwa da yawa a ƙarƙashinsa. Hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya na 2014 kan abun da ake kira tauye 'yancin mutum a wurin kulawa shi kaɗai ya sa takardun neman izinin tauye wa mutum 'yanci a Ingila suka tashi daga wajen 13,700 zuwa sama da 137,000 a shekara ɗaya. Ma'aikaci yana riƙe da littafin da aka rubuta kafin wannan girgizar. A ganina duk dokar irin wannan ya kamata a rubuta a cikinta cewa dole a duba littafin jagora duk bayan 'yan shekaru, a faɗi wanda nauyin ke kansa.

Wa ya kamata ya rubuta? Nan ne zan ɓata wa lauyoyi da manyan jami'ai rai. Su zauna a teburin, ana buƙatarsu don kada a rubuta abun da ya saɓa doka, amma kada su riƙe alƙalamin. A kawo nas mai zagaya gidaje, a kawo mai aikin dare a gidan tsofaffi wanda albashinsa ya fi na kowa ƙanƙanta kuma shi ya fi kowa taɓa jikin mutanen, a kawo direban motar asibiti, a kawo mai kai saƙo in ta kama. Sannan a kawo masu raunin kansu, waɗanda aka taɓa yi wa binciken, da iyalansu, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za su gaya maka abubuwan da ba za su taɓa faɗo wa kwamiti a rai ba, kamar cewa an yi mitin a kaina mutum goma sha biyu ba wanda ya tambaye ni me nake so, ko an aiko min wasiƙar bincike gida wanda nake ƙara a kansa ne ya buɗe. A Ingila daga baya sun ɗauki tsarin fara tambayar mutum wane sakamako yake so, kuma sau da yawa amsar ba wai a kama wanda ake zargi ba ce, amsar ita ce ina so ya daina taɓa kuɗina amma ya ci gaba da zuwa. Wannan buƙatar ana iya aiki da ita, a sauya kati, a naɗa wani ya riƙa duba asusun, a ƙara mai zuwa gidan, a duba ko shi ɗan ma nauyi ne ya yi masa yawa ko shaye-shaye ne ya kama shi.

Abu na gaba da nake so kowane littafi ya buɗe baki a kai shi ne raba bayani tsakanin hukumomi, don tsoron dokar sirri ya kashe mutane ba kaɗan ba. Ku duba abun da ya faru a Winterbourne View, wani asibitin kuɗi kusa da Bristol na masu tawayar fahimta, wanda shirin Panorama na BBC ya fallasa a 2011 da ɓoyayyiyar kyamara, ana dukan marasa lafiya ana danne su ƙarƙashin kujera ana watsa musu ruwan sanyi. Ma'aikata 11 aka samu da laifi, 6 suka tafi kurkuku. Abun takaicin shi ne ba wai ba a sani ba ne. Wani babban nas ya yi ƙorafi ga shugabannin wurin, ya kai wa hukumar sa ido, ba a yi komai ba. Ƙaramar hukuma ta samu ƙorafi 40, 'yan sanda sun san da lamura 29, kowa ya duba nasa ɗaya-ɗaya ya rufe, ba wanda ya jera su wuri guda ya ce kai, wannan gidan akwai abun da ke faruwa. Layi biyu a littafi da ke cewa in ƙorafi ya maimaitu daga wuri ɗaya dole wane ya haɗa su ya kira mitin, kuma maganar mara lafiya shaida ce ko da ba ya iya magana sosai, da wata ƙila ba a jira kyamara ba. Rahoton da ake rubutawa bayan an mutu ko bayan an sha kunya a talabijin ihu ne bayan hari.

Na san abun da wani zai ce, cewa in ka bar wa ma'aikaci hukunci da tunaninsa to kowa zai yi yanda ya ga dama, wanda ya dace da mai hankali ya tsira wanda ya faɗa hannun rago ya shiga uku, gara fom da ƙa'ida tsayayya kowa ya bi. Akwai gaskiya a ciki, ban raina ta ba. Akwai abubuwan da ba a barin su ga ra'ayi, in rai na cikin haɗari yanzu a kira taimako, in wanda ake zargi ma'aikaci ne mai kula da wasu to yardar mutum ɗaya ba ta hana kai rahoto, in akwai yara a gidan magana ta canza. Waɗannan a rubuta su gajeru da manyan baƙi. Amma ragowar aikin ba ya shiga akwatin eh ko a'a, kuma maganin bambancin hukunci ba hana tunani ba ne, a sa ma'aikaci ya rubuta dalilinsa, me ya gani, me ya auna, me ya sa ya zaɓi wannan ya bar wancan, sannan a ba shi na gaba da shi wanda zai zauna su duba tare tun kafin abu ya lalace. Ma'aikacin da ya san in ya yi kasada mai ma'ana ya bar tsoho a gidansa, tsohon ya faɗi, ofis zai tsaya masa, shi ne zai iya sauraron tsohon. Wanda ya san shi za a rataya wa laifin, kulle kowa zai yi.

Akwai kuma abun da littattafan nan ke jin kunyar faɗa, wato me za a yi in babu. Babu gado, babu mota, babu tafinta ga kurma, ma'aikaci ɗaya da fayil sittin. Ana rubuta jagora kamar duk abun da aka ambata yana nan a ajiye, shi kuma ma'aikaci da ya ga rabin abun ba zai yiwu ba sai ya daina yarda da littafin gaba ɗaya, har da rabin da zai yiwu. Ni da za a tambaye ni, sai in ce a saka babi guda a kan haka, wanda zai faɗi wane fayil ake fara ɗauka in lokaci bai isa ba, mene ne mafi ƙarancin abun da ba a yarda a bari ba ko da ana cikin matsi, kuma a ba ma'aikaci gurbi a fom inda zai rubuta cewa mutumin nan yana buƙatar kaza amma babu shi, a riƙa tattara waɗannan ana kai wa masu raba kasafin kuɗi duk shekara da sunan ofishin da abun ya faru.